Takarda da Tawadar da Za Su Kwana a Daji

Ƙannena maza da mata, a kudu maso yammacin Ingila, cikin gundumar Devon, akwai wani faffaɗan daji mai tuddai da fadamu da ake kira Dartmoor. Bishiyoyinsa kaɗan ne, iskarsa ba ta hutawa, hazo kuma yakan rufe mutum da rana tsaka har ya kasa ganin abokin tafiyarsa. A garin Princetown da ke tsakiyarsa, ruwan saman da ke sauka a shekara yana kai wa wajen milimita 2,000, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu. A cikin wannan jiƙaƙƙen wuri ne, a shekarar 1854, wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, domin duk wanda ya jure wahalar isa can ya jefa katinsa a ciki, shaidar cewa ƙafarsa ta taka wurin. Daga baya aka sa littafin baƙi, aka sa hatimi, mutane suka riƙa barin katin wasiƙa mai ɗauke da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. A 1937 aka gina wa akwatin mazauni na dutse, a 1938 kuma aka kafa wani a Duck's Pool don tunawa da William Crossing, marubucin da ya ƙarar da rayuwarsa yana bayanin hanyoyin wannan daji.

Daga nan wasan da suke kira letterboxing ya samo asali. Mutum ya sassaƙa hatimi a jikin roba, ya haɗa shi da ɗan littafi, ya sa a akwati, ya ɓoye a ƙarƙashin dutse ko cikin kogon itace, sannan ya rubuta kwatance mai kama da kacici-kacici. Mai nema ya fito da nasa hatimin da nasa littafin. In ya dace, sai ya buga hatiminsa a littafin akwati, ya buga hatimin akwati a nasa, ya mayar da komai yadda ya tarar. A 1976 akwatunan da aka sani a Dartmoor goma sha biyar ne kacal. Cikin shekarun da suka biyo baya suka zama dubbai. Mujallar Smithsonian ta ba da labarin a watan Afrilu na 1998, sai Amurkawa suka ɗauka, suka baza shi a ƙasarsu.

Na san wasunku sun fara cin karo da wannan wasa a intanet, ko a ƙasashen da karatu ya kai su, kuma abin ya ba su sha'awa. Ni ma yana burge ni, don wasa ne da ke fitar da matashi daga ɗaki, ya koya masa karanta ƙasa, ya koya masa haƙuri da aikin hannu. Amma yawancin masu farawa hankalinsu yana kan kyawun hatimi da gwanintar kwatance. Littafi da tawada kuwa, duk wanda ya zo hannu shi ke nan. Bayan damina ɗaya sai mai nema ya sha tafiya, ya buɗe akwati, ya tarar da curin takarda mai warin fumfuna, sunayen waɗanda suka riga shi duk sun narke sun zama shuɗin ruwa. Wannan littafi ba na mai akwati ba ne shi kaɗai. Kowane shafi a cikinsa gumin wani ne: dattijon da ya hau tudu da sanda, uwar da ta zo da 'ya'yanta, yaron da ya buga hatiminsa na farko. Sun ba ka ajiya ba tare da sun san fuskarka ba. Saboda haka nake ɗaukar zaɓen takarda da tawada a matsayin riƙon amana, kuma a kan haka nake so mu yi magana.

Abu na farko da zai zo wa mai hankali shi ne ya nemi takardar da ruwa ba ya ci. Akwai ta kuwa. Tun 1916 wani mai suna Jerry Darling ya fara shafe takarda da wani sinadari a birnin Tacoma na jihar Washington, domin masu saran katako da ke ƙirga gungume cikin ruwan sama. Shi ne tushen littattafan Rite in the Rain da masu safiyo da sojoji da masu binciken daji ke amfani da su har yau. Akwai kuma irin su Yupo, wadda a haƙiƙa ba takarda ba ce, roba ce da aka shimfiɗa ta yi fari da laushi. Ka tsoma waɗannan a bokiti ka fito da su, ba abin da zai same su.

To, a nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani, don a nan mafi yawa ke yin tuntuɓe. Abin da ya hana takardar shan ruwa, shi ne kuma zai hana ta shan tawadar da aka dama da ruwa. Kamfanin Rite in the Rain da kansa yana gaya wa masu saye cewa fensir da biro na gargajiya suna kama takardarsa, amma alƙalamin da tawadarsa ta ruwa ce ba ya zama a kai. Yawancin tawadar hatimi da ke hannun mutane kuwa ta ruwa ce. In aka buga ta a kan irin wannan shafi, sai ta tsaya a sama, ta taru ɗigo-ɗigo, ta ƙi bushewa. Da an rufe littafi sai ta shafe shafin da ke kallonta. Kai mai akwati kana da iko a kan takardar da ka saya, amma ba ka da iko a kan tawadar da baƙo zai zo da ita cikin aljihunsa. Wani zai zo da mai tsada, wani da wadda ya saya wa ɗansa ta makaranta, wani ma da alƙalumman fenti zai shafa wa hatiminsa launi, ya hura masa numfashi don ya ɗan jiƙa, ya danna. Littafinka dole ya karɓi kowa.

Saboda haka hukuncina shi ne: ga littafin da za a riƙa buga hatimi a cikinsa, takarda ta ainihi mai kauri ta fi takardar roba, muddin an tsare ta daga ruwa ta wata hanyar. Takardar da ruwa ba ya ci ta dace da inda fensir kawai za a yi aiki da shi, kamar rijistar gona ko ta ma'aunin ruwan sama, ko kuma akwatin da aka san yana wurin da jiƙa ta zama tilas, a kuma rubuta a bangon littafin irin tawadar da ke kama shi.

Wace iri ce takarda ta ainihin? Takardar da ake bugawa a ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma ta yi siriri: tawada na ratsa ta ta fito ta baya, danshi kaɗan ya sa ta yamutse. Ku nemi ta masu zane, daga giram 120 zuwa 160, ko sama da haka in littafin ba mai shafuka da yawa ba ne. Ta zama fara, ba layi, don layi yana ɓata hoton hatimi. Ku shafa ta da yatsa. In tana da ƙurji-ƙurji irin na takardar masu fentin ruwa, ƙananan layukan sassaƙa za su fito a karye; in kuma tana ƙyalli tana santsi kamar shafin kalanda, an shafe ta, kuma matsalar rashin bushewa za ta dawo. Tsaka-tsaki ake so, mai laushi marar ƙyalli. In an rubuta a bangon cewa ba ta da asid, ya fi, domin asid ɗin da ke cikin takarda mai araha shi ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa, kamar yadda kuke gani a tsohuwar jarida.

Ɗinkin littafin ma abin dubawa ne, kuma ba kasafai ake kula da shi ba. Ƙarfe yana tsatsa ko da ruwa bai taɓa shi kai tsaye ba. Danshin iska ya ishe shi. Littafin da aka haɗa da ƙananan ƙusoshin waya, nan da nan za ka ga jan tabo a tsakiyarsa, sannan shafuka su fara zubewa. Wanda aka manna da gam kuwa, zafi da sanyi suna sa gam ɗin ya saki. Zare ya fi su duka. Ka yanka takardunka, ka ninka, ka huda da basilla, ka ɗinke da zaren nailan ko zaren da aka shafa wa kakin zuma, ka yi masa bango da roba mai taushi. Aikin rabin awa ne, kuma girman da kake so shi za ka samu. Kada littafin ya cika akwati har sai an danna. Hannun da sanyi ya kama ba ya iya lallaɓa abu, kuma littafin da ake cusawa da ƙarfi shi ke yaga ledarsa. A shafin farko ka rubuta sunan akwati, da ranar da aka dasa shi, da bayanin cewa wasa ne, da roƙon wanda ya tsinta bisa kuskure ya mayar. Ka rubuta da fensir mai duhu ko tawada mai ɗorewa. Fensir abin raini ne a ido, amma ruwa ba ya narkar da shi, rana ba ta kashe shi, sanyi ba ya daskarar da shi. Ka bar guda biyu gajeru a ciki.

Mu dawo kan tawada. Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san rabin wannan ilimi. Tawadar da almajiri ke rubutu da ita a allo, ta gawayi da ƙaro, an yi ta ne don a wanke. Da ruwa ya taɓa ta sai ta bi shi. Amma alaramman da zai rubuta abin da za a gada a takarda, wata tawadar yake dafawa, da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, mai kama jikin takarda ta zauna. Duka biyu baƙaƙe ne a ido, aikinsu ne ya bambanta. Tawadar hatimi ma haka take, sai dai gidajenta sun kai uku ko huɗu.

Akwai ta rini da aka narkar a ruwa. Ita ce mafi araha, mafi yawan launuka, mafi saurin bushewa, don tana nutsewa cikin takarda nan take. Aibinta biyu: yawancinta ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya watsa ta, kuma haske yana cinye launinta, musamman ja da ruwan hoda da shuɗi mai haske. Akwai ta gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ba su narkewa, suna zaune a saman takarda. Wannan tana jure rana ƙwarai, baƙarta ma, wadda ake yi da baƙin hayaƙi, kusan ba ta koɗewa. Amma irin ta da, mai kauri da danƙo, takan ɗauki mintoci kafin ta bushe a ɗaki, balle a kan tudu cikin yayyafi, inda ba wanda zai tsaya yana jira da littafi a buɗe. Akwai kuma mai sinadari mai tashi, irin StazOn ta kamfanin Tsukineko na Japan, wadda aka yi don gilashi da ƙarfe da roba. Ita ce ke kama takardar da ruwa ba ya ci, tana kuma bushewa da sauri. Sai dai sosonta yana saurin bushewa in an bar shi a buɗe, tana rine hatimi, ba ta wankuwa da ruwa, kuma sinadarin goge ta yana iya cin robar sassaƙa mai laushi. Kada ka shafa ta a hatimin wani. Wataƙila ya kwana uku yana sassaƙa shi.

Wadda nake ba ku shawara ita ce ta tsakiya, mai tushen mai, wadda ke bushewa da wuri a takarda marar ƙyalli, kuma in ta bushe ruwa ba ya motsa ta. VersaFine, ita ma ta Tsukineko, tana cikinsu, kuma tana fitar da siraran layuka tsaf. Archival Ink ta kamfanin Ranger na Amurka ita ma haka. Baƙa guda ɗaya daga cikin waɗannan ta fi launuka goma sha biyu na mai araha. Araha ba ta ado. In kuna son launi, ku more shi a littafinku na kanku da ke kwana a gida. A littafin da zai kwana a daji, ku buga da baƙa ko wata mai duhu.

Ba na so ku ɗauki sunayen nan kamar karatun hadda, don wataƙila ba za ku same su a kasuwarku ba, kuma abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake zama gaskiya ba. Gwaji ne alƙali. Ka yanki takardar da za ka yi littafin da ita, ka buga hatimi sau uku. Na farko, ka ƙirga minti ɗaya ka goga babban yatsa a kai. In ya shafe, haka zai yi a daji. Na biyu, ka bar shi ya kwana, ka ɗiga masa ruwa ka karkata takardar ka ga ko launi zai bi ruwan. Na uku, ka rufe rabinsa da kwali ka manna a taga inda rana ke duka, bayan wata guda ka buɗe ka kwatanta. Ka kuma juya takardar ka duba bayanta. Sannan ka sake yin duka da tawada mafi araha da za ka iya samu, don ita ce baƙonka na gobe zai zo da ita.

Kada ka bar soson tawada a cikin akwati, ko da kana ganin kyautatawa ce. Zafi yana sa ya tsiyaye, sanyi ya daskarar da shi, wani ya manta bai rufe da kyau ba, sai ya rine littafi da hatimi gaba ɗaya. Al'adar wasan ita ce kowa ya zo da tasa. Hatimin kansa a naɗe shi cikin ƙyalle mai kauri, a sa shi a ledarsa daban, don ragowar tawadar da ke jikinsa kada ta taɓa shafuka, kuma don wasu robobin sassaƙa suna narkar da roba mai tauri in sun daɗe suna manne da ita. Tawada mai ƙamshi, da alewa, da duk abin da hanci ke ji, a nisanta su. Ɓera da dila ba su san wasa ba, tauna akwatin za su yi.

Duk wannan magana ta takarda da tawada, garkuwa ta biyu ce. Ta farko ita ce akwatin. Ku nemi na roba mai kauri, mai zoben roba a murfi da maƙallai a gefe huɗu, irin na ajiye abinci da aka sani da Lock & Lock. Kwanon da murfinsa ke dannuwa kawai ba ya tsare komai. Kafin ka amince da shi, ka sa busasshiyar takarda mai laushi a ciki, ka rufe, ka danne shi da dutse a bokitin ruwa ya kwana. A cikinsa littafi ya shiga leda mai zif, mai kauri, ledar kuma ta shiga wata. A Dartmoor ana hana akwatin ƙarfe, domin sojoji suna atisayen harbi a arewacin dajin, kuma ba a so mutane su saba da ɗaga ƙarfen da suka gani a ƙasa, wata rana ya zama harsashin da bai fashe ba. Ana kuma hana ɓoye akwati a kufai da kaburburan mutanen da.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne su tarar da littafi a jiƙe alhali akwati bai huje ba. Ruwan ba daga sama ya shigo ba. Duk lokacin da aka buɗe akwati ranar damshi, iska mai ɗauke da tururi tana shiga, a rufe ta a ciki. Dare ya yi, jikin akwati ya yi sanyi, tururin ya koma raɓa, takarda ta shanye. In rana na dukan akwatin, iskar ciki tana kumbura ta fita da rana, da dare ta tsuke ta jawo sabuwa mai danshi ta duk wata 'yar kafa. Kullum kaɗan-kaɗan, har littafi ya ruɓe. Maganinsa inuwa, da wurin da zafi da sanyi ba su cika sauyawa ba, da ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa, amma suna ƙoshi, sai an canja su. Kai kuma mai nema, in ruwa ya same ka, ka juya wa iska baya, ka buɗe akwatin a ƙarƙashin rigarka ko lema, ka goge hannunka kafin ka taɓa shafi, ka tabbata zif ya kama daga wannan gefe zuwa wancan. Ka riƙa yawo da leda ɗaya ko biyu na ƙari. In ka tarar da ta wani ta yage, ka sauya masa, ka kuma sanar da shi.

Wanda ya yi niyyar gwada wasan a ƙasarmu, ko a makaranta ko a ƙungiyar sikawut, ya sani abokan gabansa sun ƙaru. Gara tana cin takarda ta kowace kafa. Zafin bazara yana sa roba ta bushe ta tsage in rana na dukanta, iskar hunturu tana busar da soson tawada cikin ɗan lokaci, ruwan Agusta kuma yana mayar da busasshen kwari rafi cikin awa guda. Kogon dutse gidan kunama da maciji ne, sanda ta riga hannu shiga. Sannan a halin tsaron da ake ciki, akwatin da aka ɓoye ba da sanin kowa ba yana iya tayar da hankalin unguwa, ya jawo wa mai shi abin da bai zata ba. A fara a cikin harabar makaranta ko gonar da aka san mai ita, a nemi izinin mai wuri da mai unguwa, akwatin ya zama wanda ake ganin cikinsa, da rubutu a jikinsa da Hausa da Turanci.

Littattafan baƙi na Cranmere Pool da suka cika ba a zubar da su ba. An adana su, kuma a cikinsu akwai sa hannun Yariman Wales da ya je wurin a 1921, tare da na dubban mutanen da ba wanda ya san su. Sun kai yau ne domin akwai masu zuwa su duba, su ɗauke wanda ya cika, su kawo sabo. Babu takarda ko tawadar da za ta ɗauke maka wannan aiki. Saboda haka kada ka dasa akwati a inda ba za ka iya komawa ba, kuma kada ka dasa goma in biyu kawai za ka iya kula da su. Ka ziyarce shi kafin ruwan farko, ka sake komawa bayan kaka, ka sauya leda, ka duba zoben murfi, ka ɗauki hoton shafukan da aka cike. In littafi ya ɗan jiƙa, ka kawo shi gida ka shanya a inuwa, kana sa busasshiyar takarda tsakanin shafuka. Ranar da kuma ka ga ba za ka iya ci gaba ba, ƙanena, ka je ka ɗauko akwatinka, ka janye kwatancen, kada ka bar mutane suna shan tafiya zuwa wurin da ba kowa ke kula da shi.